Tseren Da Aka San Mai Cinsa Tun Ba A Tashi Ba

 

'Yan'uwa masu karatu, wannan mako za mu ɗan jingine bayanin da muke yi a kan zakkar kayan ciniki, domin wasu daga cikinku sun matsa da tambaya game da wata gardama da ta daɗe tana ci a Turai da Amurka, har tartsatsinta ya iso mana ta rediyo da wayoyin hannu. Gardamar kuwa ita ce: mutumin da aka haifa namiji, ya balaga yana namiji, daga baya ya ce shi a ransa mace yake jin kansa, likitoci suka ɗora shi a kan magani, hukumar ƙasarsu ta sauya masa takardu, shin adalci ne a sa shi tsere ko ninƙaya ko dambe tare da mata?

Na san akwai wanda zai ce ina ruwan Musulmi da guje-gujen matan Turawa, waɗanda shigarsu ma ba ta dace da shari'a ba. Maganar shiga da cuɗanya babi ne dabam, kuma hukuncinsa sananne ne. Amma ba Turawa kaɗai ke cikin waɗannan wasanni ba. Tun 1984 Nawal El Moutawakel ta Maroko ta ci lambar zinariya a wasannin Olamfik, kuma daga wannan lokaci 'ya'yan Musulmi mata ba su daina zuwa ba. Ko da ma babu 'yar Musulmi ko ɗaya a ciki, aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana mu barin adalci ko ga mutanen da muke ƙi. Gasa kuwa wani irin ma'auni ne. Ɗan kasuwa ya san abin da ake nufi da mudun da aka dake gindinsa, ma'aikacin gwamnati kuma ya san zafin jarrabawar ƙarin girma da aka riga aka rubuta sunan mai cinta.

Mu fara da abin da ya tabbata daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, haka ma Buhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar, cewa Manzon Allah ya shirya tseren dawaki a Madina, kuma bai haɗa su duka a layi ɗaya ba. Dawakin da aka hore su domin tsere ya sa su tashi daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i. Waɗanda ba a hore ba kuwa ya sa su tashi daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Sufyanu, ɗaya daga cikin masu ruwayar, ya ce nisan farko mil biyar ne ko shida, na biyun kuwa mil ɗaya. Horon nan da Larabawa ke kira tadmiri, waɗanda suka taɓa kiwon doki za su gane shi: a ƙosar da doki da abinci har ya yi ƙiba, sa'an nan a riƙa rage masa harawa kaɗan kaɗan, a sa shi a ɗaki a lulluɓe shi da barguna ya yi ta gumi, har kitsen ya narke, naman ya tsuke, ya zama ba ya gajiya da wuri. Dokin da aka yi wa haka jikinsa ya riga ya zama wani jiki. Ba a tambayi masu dawakin yadda suke ɗaukar dawakinsu ba, abin da ya wakana a jikin dokin aka duba, aka ba kowane rukuni nasa fage. Ɗan Umar kansa yana cikin mahaya a ran nan, har ya ce dokinsa ya tsallake katangar masallacin da shi.

Daga irin wannan ne malaman fiƙihu suka fitar da sharuɗɗan tseren da aka sa wa lada. Masu sharhin Muhtasar na Shaihu Halil sun bayyana cewa lalle ne ya kasance ba a tabbatar da wanda zai ci ba tun kafin a tashi. In an san dokin wane ba makawa shi zai zo na ɗaya, to, tseren bai halatta ba, domin abin ya tashi daga gwada ƙwazo ya koma dabarar karɓe dukiyar wani. Ko ya halatta a sa lada a tseren ƙafa da ninƙaya, malamai sun yi saɓani, kuma a mazhabarmu an taƙaita ladan ga dawaki da raƙuma da harbi. Wannan ba ya rushe ƙa'idar. Su masu wasannin nan sun riga sun sa lada, ba kuwa ƙarami ba. A wasannin Olamfik na birnin Faris a 2024 hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta ba duk wanda ya ci zinariya dala 50,000. A Amurka kuwa yarinyar da ta iya gudu ko ninƙaya tana samun karatun jami'a kyauta, wanda watakila iyayenta ba za su taɓa iya biya ba. Inda aka sa dukiya, haƙƙi ya shigo.

Akwai kuma hadisin Uwar Muminai A'isha, Allah ya yarda da ita, wanda Abu Dawuda ya ruwaito. A wata tafiya Annabi ya sa jama'a su yi gaba, sa'an nan ya yi tseren ƙafa da ita, ta tsere masa, lokacin tana da ƙuruciya ba ta yi jiki ba. Bayan wasu shekaru, ta yi ƙiba, suka sake, ya tsere mata, ya yi dariya ya nuna mata cewa wannan ramuwar waccan ce. Wani zai ce ai ga shi nan mace ta tsere wa namiji. Haka ne, kuma har gobe akwai matan da za su bar ni da kai a baya ba tare da sun yi haki ba. Amma a lura da dalilin da ita kanta A'isha ta bayar na cin farko da rashin ci na biyu: nauyin jiki. Ita A'isha ce a ranar farko, ita ce a ta biyu, jikin ne ya sauya, sakamakon ya bi shi.

To, yaya tsakanin jikin namiji da na mace yake a fagen gudu? A nan ba a gwada kowace mace da kowane namiji, gwanayen nan ake gwadawa da gwanayen can. A 2009 Usain Bolt na Jamaika ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58. Florence Griffith-Joyner ta Amurka ta yi cikin daƙiƙa 10.49 a 1988, aka shekara fiye da talatin da biyar babu macen da ta kamo ta. Da za a jera su, lokacin da Bolt ya taka layi, ita da sauran kusan mita tara a gabanta. A mita 800, David Rudisha na Kenya ya yi minti 1 da daƙiƙa 40.91 a 2012, Jarmila Kratochvilova kuwa minti 1 da daƙiƙa 53.28 a 1983. Mu zo gida. Chioma Ajunwa, 'yar sandan nan da ta ciwo wa Nijeriya zinariya a Atlanta a 1996, ta yi dogon tsalle na mita 7.12. A wannan fili, a waɗannan wasanni, Carl Lewis ya ci zinariyar maza da mita 8.50, yana ɗan shekara 35. Da babu rukunin mata, da babu wanda ya taɓa jin sunan Ajunwa. A gudu ratar takan kai kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, a tsalle ta doshi 20, a ɗaga ƙarfe kuwa ta wuce 30. Saboda wannan rata aka ware wa mata nasu fage, ba domin wani abu ba.

Asalin ratar balaga ce. Kafin balaga, yaro da yarinya ba su da nisa sosai a gudu. Da balaga ta zo, sai jikin yaro ya shiga fitar da wani sinadari da likitoci ke kira testosteron, har ya ninka na mace wajen sau goma sha biyar. Shi ne ke tsawaita ƙashi, ya faɗaɗa kafaɗa, ya ƙara girman zuciya da huhu, ya ƙara tsoka da ƙarfin jini na ɗaukar iska. Wanda ya nemi sauya jinsi ana ba shi magani mai danne wannan sinadari. Gaskiya ne maganin yana aiki a wasu wurare, domin ƙarfin jini yakan sauko daidai da na mata cikin wata huɗu. Amma ƙashin da ya riga ya miƙe ba ya komawa, tsawon hannu da faɗin tafi suna nan. Masana biyu, Hilton da Lundberg, sun tattara bincike a 2021 suka ga bayan shekara guda ana shan magani tsoka da ƙarfi ba su ragu da fiye da wajen kashi 5 cikin ɗari ba. Wani binciken da aka yi da takardun sojojin sama na Amurka, aka buga a 2020, ya nuna masu sauya jinsi sun fi sauran mata saurin gudun mil ɗaya da rabi da kashi 21 cikin ɗari kafin magani, bayan shekara biyu kuwa sauran kashi 12, ko da yake a wasu motsa jikin ratar ta ɓace. Dokin da aka hore, in aka daina horonsa zai rage gudu, amma ba zai koma kamar wanda ba a taɓa horewa ba.

Ga misali biyu da aka fi ambata. Zan riƙa cewa "shi" a lokacin da mutum yake cikin maza, "ita" a lokacin da takardun gasa suka rubuta mace, domin labari nake bayarwa. Lia Thomas ya yi shekara uku yana ninƙaya a ƙungiyar maza ta Jami'ar Pensilbaniya. Gwani ne daidai gwargwado, ya zo na biyu a gasar jami'o'in yankinsu a 2019, amma a yadi 500 shi ne na 65 a ƙasar baki ɗaya, da minti 4 da daƙiƙa 18.72. A wannan shekara ya fara shan magani. A watan Maris na 2022 ta shiga gasar mata ta dukan jami'o'in Amurka ta zo ta ɗaya da minti 4 da daƙiƙa 33.24, a gaban Emma Weyant wadda ta ci azurfa a Olamfik na Tokiyo. Watau maganin ya rage gudun da kusan daƙiƙa goma sha biyar, amma matsayin ya tashi daga na 65 zuwa na ɗaya. Sai Laurel Hubbard ta Niyuzilan, mai ɗaga ƙarfe. Ya taɓa yi a cikin samari, ya bari a 2001, ta dawo cikin mata ta ci azurfa a gasar duniya ta 2017 tana da shekara 39, shekarun da yawancin masu wannan wasa sun daɗe da ajiyewa. A 2019 ta ci zinariya a ƙasar Samowa, a gaban wata 'yar ƙasar mai shekara 18, Feagaiga Stowers.

Ɗaya ɓangaren ma suna da hujjojinsu, kuma ba ya cikin ladabin malanta a ɓoye su. Suna cewa Hubbard ta je Olamfik na Tokiyo a 2021 ta kasa ɗaga ƙarfen har sau uku, ta koma gida hannu wofi, Thomas kuwa a wannan gasa ta zo ta biyar a wani tsere, ta takwas a wani. Suna cewa mutanen nan ba su da yawa, domin shugaban hukumar wasannin jami'o'in Amurka ya shaida wa majalisar dattawansu a Disamba 2024 cewa cikin 'yan wasa 510,000 bai san da goma ba. Suna cewa binciken da aka yi yawanci a kan mutane kaɗan ne, waɗanda ba gwanayen wasa ba. Sa'an nan suna cewa ai dama wasa ba a taɓa yin daidai ba: wani dogo ne, wani huhunsa ya fi na kowa, wani a gidan wadata ya tashi.

Maganar ƙarancin bincike tana da nauyi, na yarda. Sauran kuwa ba su tsaya ba. A damben zamani ba a barin mai nauyin kilo 90 ya shiga rukunin masu kilo 60, ko da kuwa ragon ɗan dambe ne, ko da an sa shi ya sha kashi. Shan kashinsa bai nuna wurinsa ne ba, ya dai nuna bai iya ba. A musabaƙar Alƙur'ani da muke yi kowace shekara, wanda ya haddace izifi sittin ba ya sauka rukunin masu izifi goma, ko shi kaɗai ne ya nema a duk jihar. Tsawo da faɗin huhu baiwa ce da Allah ke fifita wani da ita a kan wani a cikin rukuni guda, kuma ita ake taruwa a kalla. Amma abin da aka gina katangar rukunin domin a tsare shi, ba a shigo da shi ta taga. Batun ƙaranci kuwa, layukan tseren ƙarshe takwas ne. In mutum ɗaya ya shiga, yarinya ɗaya ta fita, kuma ita wannan ta tara ba ta cikin lissafin kowa. Suratul Muɗaffifina ba ta sa wa tauye mudu nisabi ba.

Hukumomin wasanni ma can suka gangaro, bayan sun daɗe suna kai da kawowa. Kwamitin Olamfik ya fara da sharaɗin tiyata a 2004, ya koma sharaɗin rage sinadari na shekara guda a 2015, ya bar wa kowace hukuma nata a 2021. Hukumar ƙwallon zari-ruga ta rufe ƙofa a 2020 saboda tsoron rauni, ta ninƙaya a 2022, ta guje-guje da ta tseren keke a 2023, suna cewa wanda ya balaga yana namiji ba zai shiga rukunin mata ba. A 2025 gwamnatin Amurka da hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila suka bi sahu. A ganina sun dace da daidai.

Game da sauya jinsin kansa, hukuncin malaman Sunna a fili yake. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1989 ta yanke cewa wanda gaɓoɓinsa na namiji suka cika, ko na mace, bai halatta a mai da shi ɗayan jinsin ba. Amma haramcin aiki bai halatta mana mutuncin mai aikin ba. Imamu Nawawi a sharhin Sahihu Muslim ya raba tsakanin namijin da aka halitta da taushin murya da motsi irin na mata, wanda babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Da yawa daga cikin mutanen nan suna cikin ƙuncin rai mai tsanani tun suna yara. Ana iya ce wa mutum wannan layi ba naka ba ne, ba tare da an tara masa yara suna yi masa ihu ba.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya natsu, domin a nan ne mutanenmu suka fi zamewa. Akwai wasu bayin Allah da ba su sauya kome ba, haka aka haife su, halittarsu ta zo da cakuɗe. Su ne fiƙihu ke kira hunsa, mu kuma mukan ce mata-maza. Mas'alarsu tsohuwa ce. Ibnu Hisham ya kawo labarin Amiru ɗan Zaribi, alƙalin Larabawa tun kafin Musulunci, wanda aka kawo wa gadon irin wannan mutum, ya kwana yana juyi bai sami mafita ba, har baiwarsa mai kiwo, Suhaila, ta ba shi shawara ya bi mafitar fitsari. Musulunci ya zo ya tsara abin. Duk wanda ya sauke Muhtasar ya san da wannan mas'ala Shaihu Halil ya rufe littafin. Ana duba alamomin jiki, mafita da gemu da nono da haila, in ɗaya ya rinjaya a bi shi. In abin ya rikice sarai, sai ya ci rabin gadon namiji da rabin na mace, a salla kuma ya tsaya tsakanin sahun maza da na mata. Majalisar Makka ɗin nan ma ta halatta a yi wa irinsu magani domin a kawar da rikicin. Abu biyu ke nan muka koya. Malamanmu jiki suka duba, ba da'awa ba. Kuma ba su ɗora wa mai wannan hali laifi ko ɗaya ba, sai ma suka nema masa wurin tsayawa. Hukumar ninƙaya ta gwada irin wannan sahu na uku, ta buɗe rukunin kowa da kowa a birnin Balin a 2023, ba a sami wanda ya rubuta sunansa ba. Bai kamata rashin zuwan farko ya sa a naɗe tabarmar ba.

Matan Afirka ne wannan babi ya fi taɓawa. Caster Semenya 'yar ƙauye ce daga lardin Limpopo na Afirka ta Kudu, an haife ta aka raɗa mata suna aka rene ta a matsayin mace. Tana da shekara 18 ta je gasar duniya a Balin a 2009, ana sauran sa'o'i kaɗan tseren ƙarshe labari ya fita cewa ana binciken jinsinta, duniya ta shiga tattauna al'aurar yarinya a jaridu. Ta ci zinariyar Olamfik ta mita 800 ta 2012 da ta 2016. Daga baya aka kafa doka cewa masu irin halittarta sai sun sha maganin rage sinadari kafin su yi tseren mita 400 zuwa mil ɗaya. Ta ƙi, ta ce ta taɓa sha ya sa ta ciwo. Kotun wasanni ta duniya ta yanke a 2019 cewa dokar tana nuna bambanci, amma bambancin da ba makawa sai da shi. Dokar ta shafi Francine Niyonsaba ta Burundi da Margaret Wambui ta Kenya, da Christine Mboma ta Namibiya, har da maƙwabciyarmu Aminatou Seyni ta Jamhuriyar Nijar, wadda ta yi mita 400 cikin daƙiƙa 49.19 a 2019, aka hana ta wannan tsere, ta koma mita 200 ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 2022. Ba zan ɓoye ra'ayina ba: in likitoci amintattu sun tabbatar jikin mutum ya sha irin balagar maza, ƙa'idar da muka kafa a sama ta hau kansa, ko da zuciya ba ta so. Amma wannan ba algus ba ne. Wadda ba ta san abin da ke cikin jikinta ba sai ranar da aka kira ta ofis, ba ta ha'inci kowa ba.

Shi ma'aunin ma yakan yi kuskure. A 1966 tsirara aka sa mata suka tsaya gaban likitoci a gasar Turai. Aka bar wannan aka koma gwajin ƙwayoyin halitta. A 1985 gwajin ya kama Maria José Martínez-Patiño ta Sifen, aka kore ta, ta rasa tallafin karatunta da masaukinta da wanda zai aure ta. Ashe jikinta ba ya jin sinadarin sam, bai ƙare ta da kome ba, sai a 1988 aka mayar mata da haƙƙinta. A Atlanta a 1996 an gwada mata 3,387, takwas suka faɗa, aka sake dubawa aka bar su duka suka yi wasa, har Kwamitin Olamfik ya daina gwajin a 1999. A Satumba 2025 hukumar guje-guje ta dawo da shi, ana neman wata ƙwaya da ake kira SRY a yawu ko jini, sau ɗaya a rayuwa, amma ta keɓe masu irin halin Patiño.

Sai labarin Imane Khelif ta Aljeriya, wanda ya zaga wayoyinmu a 2024. 'Yar Italiya ta janye daga dambensu bayan daƙiƙa 46, nan take aka baza cewa ga wani ƙato ya mai da kansa mace yana jibgar mata, manyan mutane a Amurka da Ingila suka yaɗa, mu ma wasunmu suka tura wa na gaba da a'uziyya a kai. Alhali kuwa a mace aka haife ta, a mace aka rubuta ta, a ƙauyen yankin Tiyaret ta tashi, a ƙasar Musulmi da dokarta ba ta yarda da sauya jinsi ba. Wata hukumar dambe ta taɓa cire ta a 2023 bisa wani gwaji, wannan gaskiya ne, kuma ko ta cancanci rukunin mata ko ba ta cancanta ba aikin likitoci ne da masu doka. Amma cewa ta sauya jinsi ƙarya ce, kuma aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umurce mu da bincike kafin mu cuci mutane cikin jahilci, ta 11 ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabobi, ta 12 ta hana zato da leƙen asiri. In aka saki wannan ƙofa, kowace yarinya doguwa mai faɗin kafaɗa ta shiga uku. A jihar Yuta ta Amurka a 2022, iyayen wasu 'yan mata da aka tsere wa suka kai ƙarar wadda ta ci, hukuma ta bi takardun makarantarta har zuwa ajin rainon yara ba tare da sanin iyayenta ba, aka tarar mace ce tun fil azal. Garin neman gira ke nan ake rasa ido.

Dokar gwajin nan ta 2025 ta hau kan duk ƙasar da ke tura 'yan wasa gasar duniya, har da Nijeriya da Nijar. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa ma'aikata da ke ma'aikatun wasanni da na ilmi, waɗanda irin wannan takarda za ta iya biyowa ta teburinsu. A yi gwajin tun a gida, kafin yarinya ta hau jirgi, kada sai ta je ƙasar wasu ta ji a bakin 'yan jarida. Likita mace ta yi shi, ita kuma za ta zauna da yarinyar da uwarta ta yi musu bayani, domin sakamakon ba wasa kaɗai ya shafa ba, ya shafi aurenta da haihuwarta da gadonta. Kada fayil ɗin ya bi hannun masinja daga ofis zuwa ofis a buɗe. Kada kuma a binciki yarinya don kawai uban wadda ta kayar ya ɗaga murya. In sakamako ya zo da rikici, a nemi likitan da ya ƙware a wannan fanni da malamin da ya san babin hunsa, su biyu su duba tare, a kuma bar mata tallafin karatunta ko da an cire ta daga layi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan zakkar kayan ciniki, daga inda muka tsaya a kan bashin da ake sa ran biyansa.